Tagwayen da Pamphile Ya Haifa wa Kwamfutata

Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, 2025, Kwatano ta tashi da ruwa. Tun asuba ake zuba shi, kafin ƙarfe bakwai layinmu na Akpakpa ya zama rafi, masu babur suna ratsawa da ƙafafu a sama. Ranar hutu ce, ban je makarantar da nake aikin sakatariya ba. Ina zaune gaban kwamfutata ina jiran ta farka. Minti shida take ɗauka, har na saba dafa shayi a tsakani.

Aikin da ke gabana katin jana'izar kakarmu ne, Maman Véronique, wadda ta rasu tana da shekara casa'in da shida. An sa ranar binne ta sha biyu ga Yuli. A wurinmu ba mai karanta addu'ar da ke jikin kati. Sunaye ake bi da yatsa, a ga wa aka sa, wa aka bari, wa ke saman wa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a katin mijinta, an sa sunan babban ɗansu, Tonton Barnabé, a ƙasan na ƙanensa. Ya ninke katin, ya sa a aljihu, ya hau motar Parakou, bai sake taka gidan ba. Ƙanen nan shi ne yanzu Daa, shugaban gidan Kpadonou, kuma a rubutun farko da ya ba ni babu sunan yayansa ko a ƙasa.

Ina cikin jira Pamphile ya shigo yana karkaɗe lema a kan takarduna. Ɗan gwaggona ne, shekararsa arba'in da huɗu, yana sayar da rigunan waya a kasuwa. Ya taɓa yin wata uku a Legas, tun daga nan ba ya amsawa sai an ce Injiniya. Ni kuwa Dada yake ce mini, wato Yaya mace.

"Dada, har yanzu tsohuwar nan tana nishi?"

"Tana aiki."

"Aiki? Ni na ga gawar da ta fi ta saurin tashi."

"A gidan makoki kake, Pamphile."

Ya yi alamar gicciye da sauri, ya ciro wani abu baƙi daga aljihu, bai kai tafin hannu ba. Ya ce a cikin kwamfutata akwai tsohon faifai mai juyawa kamar injin niƙa, shi ke ɗauke da komai, har da babbar manhajar da ke tada ta. Wannan kuwa sabon yayi ne, SSD, ba ya juyi, ba ya ƙara.

"Ƙaura kawai zan yi mata. In kwashe komai daga can in zuba a nan. Gobe kafin ki ɗora tukunyar shayi ta tashi. Daƙiƙa goma sha biyu!"

"Bayan jana'iza."

"Dada, a Legas muna yin wannan muna cin gyaɗa."

Da na tsaya a kan maganata, ba don mahaifiyarsa ba. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake. Hohonon muke ce mata, uwar tagwaye, kuma Pamphile ne gambonta. Ɗaya daga cikin tagwayen ya rasu yana goye, tun daga lokacin take yawo da ɗan mutum-mutumin itace a soke a zanenta a madadinsa, tana yi masa wanka, tana sa masa abinci.

Ta ce, "Léocadie, bar shi. Ko sau ɗaya a ce ya yi wani abu a gidan nan."

Na matsa gefe.

Da wuƙar yanka albasa ya buɗe akwatin kwamfutar. Noti na farko ya faɗa cikin shayina. Na biyu ya gangara ƙarƙashin kabad, har yau yana can. Kafin ƙarfe goma Sylvestre tela, wanda ya kafa kekensa a barandarmu yana ɗinka ankon jana'iza, ya bar aiki ya leƙo ta taga.

Ana cikin kwashewa allon ya fito da jan rubutu. Pamphile ya karanta sau biyu, leɓɓansa suna motsi.

Na ce, "Cewa take sabon ya yi ƙanƙanta."

"Na gani. Gwada ta nake."

Sylvestre ya ce, "Injiniya, ɗaki biyu ka kama wa mai kayan ɗaki biyar?"

"Kai ka ji da zarenka. Shara ce ta yi yawa."

Ya hau goge abubuwa. Duk wanda bai gane sunansa ba shara ne. Na ce ya dakata, ya ce a Legas ba a yi wa likita magana yana tiyata.

Ƙarfe huɗu na yamma aka gama. Ya kira mutanen gida, har da mai suyar doya ta bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu yana duban agogo, ya danna. Gaskiya dai, daƙiƙa goma sha biyu ta yi. Aka tafa. Ya zagaya ɗakin yana karɓar gaisuwa kamar wanda ya ci zaɓe.

Sai aka ga babu wurin ɗaure sabon faifan a cikin akwatin. Ya faki idon Sylvestre, ya ɗauko wata roba a kan kekensa, ya naɗe shi da ita a jikin ƙarfe.

Na ce, "Tsohon fa? Ba cire shi ake yi ba?"

Minti goma kenan ina kallonsa yana zura wa wayoyin ido, ya taɓa wannan ya saki, ya taɓa waccan ya saki. Ya miƙe ya share gumi.

"Dada, yanzu su biyu iri ɗaya ne sak. Duk abin da ke cikin wannan yana cikin wannan. Tagwaye na haifa miki!"

Hohonon ta ajiye faifan wakenta.

"Tagwaye ka ce?"

"Sak, Maman."

"To ba mai raba su a gidan nan ina da rai."

Ban taɓa ganin fuska ta sake kamar ta Pamphile a lokacin ba. Ya rufe akwatin da noti biyun da suka rage.

"Kin ji, Dada? Ni da zan cire. Amma ni gambo ne, na san halin tagwaye, ba a yi musu haka."

Ranar Talata na danna, ban ɗora shayi ba. Nishin nan da na sani ya dawo. Minti shida cur.

Na kira shi a waya.

"Sanyi ne, Dada. Damina ce. Ko a Legas haka suke yi."

Da yamma na buga wa Sylvestre jerin awon mutum arba'in da zai ɗinka wa anko. Na zo fitar da shi a takarda, na'urar bugawa ta ƙi. Kwamfutar ta ce ba ta taɓa jin labarinta ba.

"Ita ma tsufa ne," in ji Pamphile. "Bayan jana'iza zan yi mata ƙaura."

Ranar Laraba ta tashi a daƙiƙa goma sha biyu, amma awon Sylvestre babu shi, ko alamarsa.

"Ba ki danna ajiya ba, Dada. Shekaru ne, ba abin kunya ba ne."

"Shekara ashirin da shida ina danna ajiya."

"To kin ga yatsa ya gaji."

Sylvestre ya sake bin mutum arba'in da tef yana zagin Legas.

A ranar Larabar nan aka yi taron gida. Awa huɗu aka kwashe. Hohonon ta durƙusa a gaban Daa, duk da ta girme shi, ta ce ba za a sa uwarsu a ƙasa babban ɗanta yana Parakou ba. Daa ya yi faɗa, ya fita, ya dawo, ya sha ruwa, daga ƙarshe ya ce a sa sunan. A sama. Aka buga waya Parakou. Tonton Barnabé bai karɓa ba, 'yarsa Sènami ce ta yi magana. Ta ce za ta zo ranar Lahadi ta sama ta ga katin da idonta. In sunan yana wurinsa, babanta zai zo.

Safiyar Alhamis kwamfutar ta tashi a daƙiƙa goma sha biyu. Na rubuta sunan Tonton Barnabé a layin farko na 'ya'yan marigayiya. Na kira Daa ya gani a allo. Na danna ajiya sau uku, ina ƙirgawa da ƙarfi, don a shaida.

Juma'a muna jarrabawa a makaranta, ba halin in fita. Pamphile ya riga ya shaida wa Daa cewa mai maɗaba'a abokinsa ne na ƙud da ƙud, don haka shi aka ɗora wa kwafe katin a filas ɗin kwamfuta ya kai. Da rana na kira gida. Hohonon ta ce tun safe ya tafi, bayan ya daɗe yana jiran kwamfutar ta gama nishinta. Na kira shi.

"Ka duba sunan?"

"Na duba komai. Har na gyara miki wasu 'yan abubuwa."

"Waɗanne abubuwa?"

"Dada, ba na jin ki, ina kan babur."

Duk satin na nemi in ga kwafin gwaji. Kullum gobe.

Ranar Lahadi, ashirin da biyu ga wata, bayan an taso daga coci, aka kafa rumfa a tsakar gida. Mutum ya fi tamanin. Manya sun sa ankonsu don a gani. Daa ya fito da hannu ɗaya a ƙugu, kuma bai sauke shi ba. Sènami tana zaune a layin gaba, jakarta a cinya, fuskar ubanta sak. Pamphile ya shigo da kwalin katin a ka, ya dire shi a kan tebur.

"Ɗari shida! Takarda mai ƙyalli! Ku taɓa ku ji!"

Daa ya zaro ɗaya, ya gyara tabarau, ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda aka saba. Ya wuce sunayen gidajen dangi da na surukai. Ya zo kan 'ya'yan marigayiya. Sunan farko nasa ne. Ya tsaya. Ya bi layin da yatsa har ƙasa. Ya juya bayan katin. Ya dawo.

Wata daga baya ta ce, "Ci gaba mana, Daa."

Bakinsa ya ci gaba da kansa: "Jikoki. Injiniya Pamphile, masanin kwamfuta, Kwatano, Legas da Dubai."

"Dubai?" in ji Sylvestre. "Yaushe ka je Dubai?"

"Kayana daga can suke zuwa."

"Ni ma allurata daga Sin take. A sa mini Sin!"

Ba wanda ya yi dariya sosai, don Sènami ta miƙe. Ta ɗauki kati ɗaya, ta ninke shi biyu, ta sa a jaka. Duk wanda ya kai shekara ashirin a wurin ya taɓa ganin wannan ninkin.

Daa ya juyo kaina. "Léocadie! A gabana kika rubuta. Bayan na fita kika goge?"

"Ni abin da na tarar shi na kai," in ji Pamphile. "Na faɗa mata tun ranar Laraba, yatsanta ya gaji."

Ban saba ɗaga murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Sènami, ki ba ni minti goma. A fito da kwamfutar."

Aka fito da ita baranda, aka jawo waya. Pamphile ya ture ni ya tsaya a gaba.

"Jama'a ku duba agogonku. Daƙiƙa goma sha biyu!"

Ya danna. Nishi ya fara. Mutum tamanin suka tsaya suna kallon baƙin allo. Mai suyar doya ta je ta juya doyarta ta dawo.

"Injiniya, agogon Dubai za mu duba ko na nan?"

Da ta tashi na buɗe katin. Babu Tonton Barnabé. Ga Injiniya, ga Dubai. Rumfar ta ɗauki guna-guni. Na ji wata surukarmu tana cewa dama 'yan boko ba su da amana. Sènami ta rataya jakarta.

Sai Hohonon ta taso a hankali, hannunta a kan ɗan itacen da ke zanenta.

"Wannan ɗayan ne. Ku tada ɗan'uwansa."

"Maman, ki zauna, wannan harkar ilimi ce."

"Rufe mini baki. Sati biyu ina jin su daga bakin ƙofa. Ɗaya mai nishi ne, ɗaya shiru-shiru. Ranar da Léocadie ta sa sunan Fofo Barnabé, mai shirun ne ya tashi. Ranar da kai ka zo, mai nishin ne. Uwar tagwaye ba ta rikita muryar 'ya'ya."

Sènami ta sauke jakarta. Sai a lokacin na tuna aikinta: ita ke kula da kwamfutocin wani asibiti a Parakou.

"Dada Léocadie, kashe ta ki sake kunnawa."

Na kashe, na kunna. Nishi. Na sake. A karo na uku, kafin Pamphile ya gama cewa a Legas ba a yin haka, allon ya haska. Na buɗe katin. Ga sunan Tonton Barnabé a layin farko. Pamphile kuwa yana can na goma sha tara a cikin jikoki, ba Injiniya, ba Dubai.

Sènami ta ciro ƙaramin sukundireba daga jakarta, ta kwance noti biyun, ta leƙa. Sylvestre ya leƙa ta kafaɗarta.

"Ashe nan robar wandon Daa ta shige! Sati biyu ina nemanta!"

Daa ya ƙara damƙe ƙugunsa.

Sènami ta yi bayani a taƙaice. Faifai biyu ne a ciki, kowanne da manhajarsa, ba kuma wanda ya gaya wa kwamfutar wanne za ta bi. Tsohon ya gaji. Ranar da ya farka da wuri shi take ɗauka, ranar da ya makara ta ɗauki sabon. Abin da aka rubuta a ɗaya, ɗayan bai san da shi ba.

"Fofo Pamphile, me ya hana ka cire tsohon?"

"Al'ada. Maman ce ta hana. Ni mutum ne mai girmama al'ada."

"Kada ka laɓe a bayan zanena," in ji Hohonon. "Cewa na yi kada a raba su. Na ce ka ba ɗaya ka hana ɗaya? Shekara arba'in da shida, duk abin da na sa a bakin mai rai sai na sa wa wannan. A gabanka ka tashi kana gani. Kai ne gambon da ya san halin tagwaye?"

"Na san wayar da ake cirewa. Don biyayya na bari."

Sènami ta kashe kwamfutar, ta matsa gefe. "To bismilla. Cire wayar tsohon."

Ya naɗe hannun riga. Ya dubi wayoyin, ya dubi rumfa, ya dubi sama. Ya kama wata ya finciko. Robar ta tsinke, sabon faifan ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon miyar da aka ajiye wa Daa.

Wannan karon har Sènami sai da ta dara. Ta tsamo shi da sauri, ta goge, ta ce Allah ya taimaka gefe ɗaya ne ya taɓa manja.

Kafin la'asar ta gama komai. Ta ɗaure sabon da noti na gaske, ta dawo da na'urar bugawa cikin hayyacinta. Tsohon kuwa ta sa aka sayo masa ɗan gida na roba, ta ajiye shi a gefen kwamfutar, ta nuna mini yadda duk Lahadi zan jona shi in zuba masa duk abin da ɗan'uwansa ya samu a satin.

"Haka ya yi, Tanti?"

Hohonon ta duba, ta gyaɗa kai. "Yanzu aka yi magana." Ta sa Sylvestre ya ɗinka masa 'yar riga da ragowar anko.

Daa ya yanke hukunci, hannunsa har yanzu a ƙugu: za a buga sabon jerin sunayen a ƙananan takardu, Pamphile ya liƙa su da sitaci a kan katin nan ɗari shida, ɗaya bayan ɗaya, a baranda, inda kowa zai gan shi.

Sènami ta ce, "Saura Baba. Wani mai saurin hannu ya riga ya tura masa hoton katin ta waya. Ba zai karɓi mai faci ba, ba kuma zai saurare ni ba. Kun san shi, shekara talatin ya yi a gidan waya. Abin da bai zo da kan sarki da hatimi ba, a wurinsa bai faru ba."

Na fitar da kati guda mai kyau a na'urata. Na ce wa Daa ya faɗi wasiƙar in buga. Ya ce a'a, in ba shi alƙalami. Ya zauna ya yi kusan awa guda a kan layi bakwai. Ban karanta ba. Kalmar farko kawai idona ya kama da yana ninkewa, Fofo, wato Yaya, wadda rabon da ta fito daga bakinsa shekara goma sha ɗaya.

Safiyar Litinin an sake tashi da yayyafi. Na sa wasiƙar da katin a ambulan, na rubuta adireshin da hannuna. Pamphile yana baranda, sitaci har gwiwar hannu, ya kai kati na tamanin da wani abu.

"Dada, gidan waya kuma? A wannan zamanin? Kawo in kai miki. Na san wata hanya, kafin ki..."

"Daƙiƙa goma sha biyu?"

Ya sunkuyar da kai kan sitacinsa.

Na ari lemarsa, na tafi da ƙafata. Na sayi kan sarki, na tsaya har ma'aikaciyar ta buga hatimi a gabana, na duba kwanan watan da ke jikinsa. Na kai ambulan bakin akwatin da aka rubuta wa Parakou, na sake karanta sunan Tonton Barnabé sau uku, sannan na saki.